Yadda Ake Gano Abin Da Ya Sa Silo Ya Hau Bayan An Canja Nozul

An canja wa mota nozul, wato abin da ke fesa fetur cikin inji, an biya kuɗin aiki, an tayar da inji, sai allurar da ke nuna gudun inji ta kafe a 1,500 ko ma 2,000 ta ƙi saukowa, wato silo, gudun inji a tsaye ba a taka totur ba, ya hau. Idan otomatik ce, kana sa giya sai ta zabura, kuma a cunkoson Kurna ko na Ɗangi ƙafarka ba ta isa ta bar burki ba. Ga fetur yana ta ƙonewa a tsaye, abin da babu mai mota da ke ɗaukarsa da wasa tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023. Yawancin mutane a nan sukan ce nozulolin da aka sayo ne ba su da kyau, su koma Ƙofar Ruwa a yi ta musu da mai shago. Sau da yawa kuwa mai shagon ba shi da laifi.

Dalili shi ne injin fetur ba ya hawa sai da iska. Nozul fetur kawai yake fesawa. Ko ka cika murhu da gawayi, in ba ka yi fifita ba wuta ba za ta ruru ba, to haka inji yake: in fetur ya yi yawa ba tare da ƙarin iska ba, sai dai ya riƙa tari yana baƙin hayaƙi, har ya mutu. Saboda haka duk injin da silonsa ya hau, iska yake samu fiye da yadda ya kamata. Ko dai tana kutsawa ta wata kafa da aka bari a buɗe lokacin aikin, ko kuma ƙwaƙwalwar motar ce da kanta ta buɗe mata hanya saboda wani bayani da take samu. Aikinka shi ne ka gano wanne ne cikin biyun, ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Bayanin nan na motar fetur ne. Nozul na dizal, irin na Hilux, yana da lambar da ake shigar wa ƙwaƙwalwar mota da kwamfuta, wannan wani zance ne daban.

Mataki na farko: tabbatar silon ya hau da gaske

Inji mai sanyi dama yakan tashi a 1,200 zuwa 1,500, musamman da safe a lokacin hunturu, sannan ya riƙa saukowa a hankali. Ka bar motar ta yi zafi sosai, allurar zafi ta kai tsakiya. Ka kashe esi da fitilu, ka miƙe sitiyari, ka sa giya a firi ko a P. A wannan hali yawancin ƙananan motoci suna zama tsakanin 600 da 900. Wasu motocin suna da takardar da aka manna a cikin bonet mai ɗauke da adadin da kamfani ya tsara.

Ka lura da yadda silon yake, domin yanayinsa ma bayani ne. Wanda ya hau ya tsaya cak a wuri ɗaya daban yake da wanda ke hawa yana sauka kamar ana wasa da totur, kuma daban yake da wanda ya hau amma injin yana karkarwa. Na uku yakan nuna silinda ɗaya ce ke shan iska ko ba ta samun mai, wato matsalar tana jikin nozul guda. Ka leƙa ƙasan ƙafarka ma, kafet yakan turu ya danne totur.

Mataki na biyu: bi sawun hannun bakanike

Ka kashe inji, ka buɗe bonet, ka tambayi wanda ya yi aikin abin da ya kwance kafin ya kai ga nozul. Ba rigima za ka yi ba. "Oga, me da me aka cire kafin a fito da su?" ta wadatar. Sau da yawa ma ba shi ya mayar da kayan ba, yaronsa ya bar wa, don haka yaron ya fi shi sanin amsa. A mota mai silinda 4 irin Corolla abin da ake cirewa kaɗan ne. A mai silinda 6 irin Sienna ko Camry V6 kuwa, nozuloli 3 na baya suna ƙarƙashin manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska, sai an ɗaga shi gaba ɗaya, da duk tiyon da ke jikinsa.

Ka bi kowane tiyo da hannu daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Babban tiyon da ya taso daga gidan filtar iska zuwa bakin injekta, wato inda faifan totur yake, ka lanƙwasa shi ka duba cikin lanƙwasarsa ta ƙasa. Zafin Kano yana busar da roba, tiyon da ya shekara goma ba a taɓa shi ba yana iya tsagewa ranar da aka fara murɗa shi, kuma tsagar ba ta bayyana sai an lanƙwasa. Sai tiyo mai kauri da ke zuwa tukunyar burki, da na bawul ɗin da ke kan murfin inji mai zuƙe tururin baƙin mai, da siririn da ke zuwa bawul ɗin tururin tanki. A tsofaffin motoci akwai wani ɗan siriri a ƙarshen bututun ƙarfen da ke raba wa nozuloli fetur. Ka zare shi ka shinshina. Idan akwai fetur a ciki, abin da ke daidaita ƙarfin mai ya huje, sai a canja shi. Duk bakin ƙarfe ko na roba da ka gani a jikin manifol yana tsaye tsirara babu tiyo a kansa, to ka kama ɓarawon.

Ka danna kowane soket har ka ji ya ce ƙas. Idan motar mai wayar totur ce, ka taɓa wayar a inda ta haɗu da bakin injekta, dole ta zama da ɗan sassauci. In an mayar da ita ta wata hanya daban ko an ɗaure ta tamau, faifan ba zai rufe ba. Ka juya shi da hannu ka saki, ka ji ko ya koma ya bugi mazauninsa.

Mataki na uku: zoben roba

A nan aka fi samun matsalar, don haka a nan za mu daɗe. Kowane nozul yana da zoben roba a sama, inda ya shiga bututun fetur, da wani a ƙasa, inda ya shiga inji. Na sama in ya lalace fetur ne zai zubo, za ka ji wari ka ga jiƙa, kuma wannan ba a tuƙa mota da shi ko zuwa bakin titi, gobara ce. Na ƙasa kuwa ba ya zubar da komai a waje. Iska yake bari ta shige ciki, shiru, ba alama.

Hanyoyin da yake lalacewa sanannu ne. Nozul ɗan Beljiyam yakan zo da tsohon zobensa wanda ya bushe ya yi tauri, a mayar da shi haka nan. Wani lokaci tsohon zoben yana maƙalewa a cikin ramin, ba a lura ba, a danna sabon nozul a kansa, sai su zama biyu, nozul ɗin ya zauna a karkace. Wani lokacin kuma a tura shi a bushe, bakin ramin ya yanki gefen zoben. In ka ciro irin wannan ka ɗaga shi a rana za ka ga ɗan siririn yanka kamar an gutsura da farce, wani sa'in har guntun robar na rataye. Wannan ɗan yankan ya isa ya hana mota zaman lafiya. Ƙura ma tana da nata: in ba a hure gefen ramukan ba kafin a zare tsofaffin nozuloli, yashi yakan faɗa mazaunin zoben ya hana shi kamawa.

Kafin a sake kwancewa, akwai gwaji mai sauƙi. Inji a kashe, ka kama kowane nozul ka ɗan juya shi hagu da dama. Wanda ya zauna daidai zai juya sumul da ɗan nauyi. Wanda ya kafe ƙam, ko wanda ke rawa sakwa-sakwa, a fito da shi. Ka duba kuma ko bututun fetur ɗin ya kwanta daidai a kan ƙafafunsa. A Toyota akwai 'yan robobi masu tauri da ake sawa a ƙarƙashinsa inda notuna ke shiga, suna yawan faɗawa cikin inji a manta da su, in babu ɗaya sai bututun ya karkace ya ɗaga nozul.

Idan za a kwance, a fara rage ƙarfin fetur ɗin da ke cikin bututu: a cire fiyus na famfon mai, a tayar da inji har ya mutu da kansa, sannan a cire kan batir na baƙar waya. A sa sabbin zobba duka, sama da ƙasa, daidai girman na asali. A shafa musu ɗan baƙin mai mai tsabta, a tura nozul ana juyawa a hankali. Kada ka yarda a shafa gam. Fetur yana narkar da shi, guntayensa su toshe nozul ɗin da ka saya jiya. Haka gaskit na manifol da na bakin injekta, in an ɗaga su a sa sabo. Tsohon da ya riga ya lotse ba ya komawa. Corolla ta 2003 zuwa 2008 ta yi suna da zubar iska ta gaskit ɗin manifol ko ba a taɓa shi ba, balle an girgiza shi.

Mataki na huɗu: neman kafar da ido bai gani ba

Ka tayar da inji a wurin da babu hayaniya, wanda a garejin Kano sai dai da sassafe. Ka samu guntun tiyo mai tsawon hannu, ka kara baki ɗaya a kunne, ɗayan kana zagayawa da shi gindin kowane nozul da gefen manifol. Inda iska ke shiga za ka ji tsiii ƙarara. Ka kula da fanka da fambel, ka naɗe hannun riga, babbar riga kam a cire ta.

In kunne bai kama ba, ka zuba ruwa a robar feshi ka riƙa fesawa wuri ɗaya bayan ɗaya, kana jira kaɗan tsakani. Inda sautin inji ya canja ko ya yi tuntuɓe, nan ne. Makanikai sun fi son feshin wanke kafireto don ya fi nuna bambanci, wasu ma fetur suke ɗigawa. Feshin yana aiki, amma yana kama wuta, don haka kaɗan-kaɗan, nesa da salansa da wayoyin fulogi, da tukunyar kashe gobara a kusa. Fetur kuwa a'a. Za ka iya matse tiyo masu laushi da filaya ɗaya bayan ɗaya, ka naɗe bakinta da tsumma. In ka matse na tukunyar burki ko na tururin tanki silo ya faɗo sosai, to abin da ke ƙarshen tiyon ne ke shan iska. Garejin da ke da na'urar hura hayaƙi cikin manifol ya fi duk waɗannan sauri, hayaƙin da kansa zai fito ta kafar.

Mataki na biyar: a ɗora ta a kwamfuta, amma ba don share lamba ba

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket mai baki 16 a ƙasan sitiyari. Ko ƙaramar na'urar da ake haɗawa da waya tana karanta abin da ake bukata. Kuskuren da ake yi shi ne a sa kwamfuta, a share lambobi, fitilar cek ta mutu, a karɓi kuɗi. Ka ce a rubuta maka lambobin tukuna. P0507 na nufin silo ya wuce ƙima, P0505 matsalar bawul ɗin silo, P0171 da P0174 iska ta fi mai yawa, P0172 mai ya fi iska yawa. P0301 zuwa P0304 suna gaya maka silindar da ke fashin wuta, wato nozul ɗin da za ka fara zargi.

Abin da ya fi lambobin amfani shi ne layuka biyu, STFT da LTFT. Su ne ke nuna yawan man da ƙwaƙwalwar mota ke ƙarawa ko ragewa don ta riƙe ma'aunin iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1. Ka haɗa su biyun. In jimillar ba ta wuce 10 sama ko ƙasa ba, lafiya. In ta kai 15 ko 20 a sama a silo, ka taka totur ka riƙe a 2,500. Ta sauko kusa da sifili? Iska ce ke kutsawa, koma mataki na uku da na huɗu. In kuwa ta ƙaru, mai ne ba ya isa, a duba famfo da filta da sansar iska. In jimillar ta yi ƙasa sosai, fetur ya yi yawa, zargi ya fara komawa kan nozul.

Akwai tarko ɗaya. Motocin da ke auna iska daga cikin manifol, irin tsofaffin Honda da Peugeot 406, suna ganin iskar da ta kutsa su ba ta mai daidai da ita. Sai layukan nan su nuna lafiya lau alhali silo na 1,800. A irinsu kada kyawun lamba ya yaudare ka.

Mataki na shida: bakin injekta da sake koya wa mota silo

Da wuya a canja nozul a Kano ba a wanke bakin injekta ba, ko ba ka ce a yi ba. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai sukan taru a gefen faifan su rage hanyar iska, ƙwaƙwalwar mota kuma ta saba da ƙara buɗewa don ta cike giɓin. An wanke dattin, ita ba ta sani ba, tana nan tana buɗewa yadda ta saba. Haka ta saba da ƙara mai saboda tsofaffin nozuloli da suka toshe. Wannan ba lalacewa ba ce, mantar da ita kawai za a yi.

A nan ne za ka ji an ce, "Alhaji, bari in ɗan rage maka silon," an ɗauko sukundireba an nufi ɗan sukurun da faifan ke tsayawa a kansa. Ka hana. Daga kamfani aka saita shi, shi ya sa yawanci ake ɗiga masa fenti. In aka taɓa shi sansar totur za ta fara ba da bayanin da ba daidai ba, faifan ya riƙa maƙalewa, kafar iskar kuma tana nan inda take. Mota mai injekta ba kafireto ba ce.

Abin da za a yi shi ne a share abin da ta koya, da kwamfuta ko a cire kan batir na minti 10 zuwa 15. Mai Honda ya tabbatar yana da lambar rediyonsa kafin a cire. Sannan a koya mata sabo. A Honda ana kashe duk kayan wuta, a riƙe inji a 3,000 har fanka ta tashi, a saki totur a bar ta a silo minti 5, ban da lokacin da fanka ke juyawa. Toyota yawanci takan daidaita kanta bayan an bar ta a silo da zafinta an kuma yi 'yar tafiya. Nissan tana da nata tsarin mai ƙidayar daƙiƙa, Volkswagen mai totur na lantarki kuma kwamfuta take so. Motoci masu wayar totur suna da bawul ɗin silo a jikin bakin injekta, wanda kan maƙale a buɗe in datti ya gangara cikinsa lokacin wanki. A kwance shi a wanke shi daban, a sa masa sabon gaskit.

Mataki na bakwai: zafin inji

Idan ƙwaƙwalwar mota tana ganin inji bai yi zafi ba, za ta riƙe silo a sama da gangan. Da safe kafin a tayar, zafin ruwa da zafin iska a kwamfuta su zama kusa da juna. In ka ga -40, soket ɗin sansar zafi a cire yake ko waya ta tsinke, aikin mai wayarin ne na minti kaɗan. Bayan inji ya yi zafi ya kamata a ga zafin ruwa digiri 80 zuwa 95.

Sai al'adarmu ta cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, da haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. A watan Afrilu mota takan jure, amma a Disamba da Janairu injin zai yini bai kai zafinsa ba, yana shan mai kamar yanzu aka tayar da shi. Tamostat na Toyota a wajen digiri 82 yake buɗewa, kuma an ƙera injin ne ya yi aiki a sama da haka. A mayar da shi. In an zare tiyon ruwan da ke ratsa bakin injekta lokacin aikin, iska na iya shiga layin ruwa, wanda a tsofaffin Honda shi ne ke kawo silo mai hawa da sauka. A jira inji ya huce, a cika lagireto, a fitar da iskar.

Mataki na takwas: nozulolin kansu

Sai duk waɗannan sun fita sannan za ka koma wa mai shago. Ka gwada lambar da ke jikin sabon da ta tsohon, shi ya sa ba a barin tsofaffin a gareji. Na Toyota lambarsu takan fara da 23250, sauran lambobin 5 su ne ke bambanta inji da inji. Kamannin jiki da shigar soket ba hujja ba ne, nozul na inji mai lita 2.4 yana iya zama a ramin na 1.8 ya riƙa ba shi man da ya fi ƙarfinsa. A auna su da mita: yawancin na motocin nan suna tsakanin om 11 da 16, kuma duka su zo kusan ɗaya.

Nozul mai ɗiga yana da alamunsa: mota ta yi wuyar tashi in ta yi zafi, warin fetur a salansa, fulogi ɗaya ya fito baƙi a jiƙe, baƙin mai ya yi ruwa-ruwa yana warin fetur. In ka ga na ƙarshen, a canja baƙin man bayan gyara. Masu injin gwada nozul suna jera su a kan kwalabe masu awo, ka tsaya ka gani da idonka: feshin ya fito kamar hazo, kwalaben su cika daidai da juna, in an tsayar kuma kada ko ɗigo ya faɗo a bakinsa.

Bayan gyara, kada ka karɓi mota a tsaye. Ka fita da ita Titin Zariya ko na Haɗeja ta yi tafiya ta minti 15 zuwa 20, ka tsaya, ka sa firi. Allura ta sauko ƙasa da 900 cikin 'yan daƙiƙu ta zauna. Ka kunna esi, ta ɗan motsa ta daidaita, ka kashe ta koma inda take. Ka sake buɗe bonet ka shafa gindin kowane nozul da farar takarda don ganin ko akwai jiƙa, sannan washegari da safe ka sake dubawa kafin ka tayar.